YADDA A KE ZAƁEN SABUWAR WAYA DA LAYI

Kaka ta yi. An girbe gero da dawa, an roro wake, an cire gyaɗa. Manomi ya kai amfanin gonarsa kasuwa, kuɗi sun shigo aljihu. A irin wannan lokaci ne za ka ji mutum ya ce, "Bana kam sai na sake waya. Na gaji da wannan ƙarama mai maɓallai. Babba na ke so, irin wadda a ke shafawa."

Wannan ba laifi ba ne. Waya ta zama kayan aiki, kamar fartanya da keke. Da ita a ke jin farashin hatsi a kasuwar Dawanau ba sai an je Kano ba. Da ita ɗan da ya tafi ci-rani Ikko ya ke aiko wa mahaifiyarsa kuɗi. Da ita a ke kiran mai mota da tsakar dare in haihuwa ta zo wa mace da gardama. Amma kuɗin babbar waya ba kaɗan ba ne. Gumin damina ne za ka ɗauka ka miƙa wa mai shago. Saboda haka ya kamata ka san abin da za ka duba tun ba ka fid da kuɗinka ba.

Babban abin da wannan darasi ya ke koya maka shi ne: fara zaɓen layi, sa'an nan ka zaɓi waya.

WA DA ƘANE

Ga misali. Wasu 'yan'uwa biyu ne, wa da ƙane, su ka sayar da wakensu rana ɗaya. Ƙanen bai ko kwana ba, ya hau mota sai birni. Ya ga wata waya mai ƙyalli, da idon hoto har uku a bayanta. Mai shago ya ce, "Malam, wannan ai sai manya. Ga kuma layi mai arahar data, haɗa da shi." Ya biya duka abin da ke aljihunsa, ya komo gida ya na murna.

Da ya iso ƙauye, sai waya ta yi shiru. Ba ta kira, ba a kiranta. Sai ya hau tudun bayan gari sa'an nan ta ke ɗan motsi. Bayan kwana uku ya je wurin wansa.

Ya ce, "Yaya, an cuce ni. Wayar nan ba ta da kirki."

Wan ya karɓa ya duba, ya ce, "Wayarka lafiyarta lau. Layin da ka sa mata ne ba ya kawowa garin nan. Ka tambayi wani kafin ka tafi?"

Ya ce, "Ban tambaya ba, Yaya."

Wan ya ce, "Ni kwana biyu na yi ina tambaya. Na je wurin mai caji, na je wurin malamin makaranta, na ari wayar maƙwabcinmu na shiga da ita har ƙuryar ɗaki na gwada. Gobe ne zan tafi birni, na kuwa san abin da zan sayo."

Sauri ya haifi nawa. Bari mu bi abin da wan nan ya yi daki daki.

WAYA DABAM, LAYI DABAM

Waya ita ce na'urar da ka ke riƙewa. Layi kuwa shi ne ɗan katin nan da a ke sa mata a ciki, wanda a ke kira sim. Shi ne ya ke ɗauke da lambarka. Kamfanin da ya ƙera waya dabam, kamfanin da ya ba ka layi dabam.

Waya ba ta da igiya. Ta iska ta ke aika magana, kamar rediyo. Ka san dogon ƙarfen nan da a kan kafa a bakin gari, wanda a ke kira ƙarfen sabis. Da shi wayarka ta ke magana, shi kuma ya miƙa maganar gaba har ta isa wurin wanda ka kira. In ƙarfen ya na kusa, sabis ya yi ƙarfi. In ya yi nisa, ko dutse ko tudu ya tsaya tsakaninku, sabis ya yi rauni. In kamfanin ba shi da na'ura a ƙarfen da ke kusa da ku, to, ko wayar miliyan ka saya ba za ta yi maka aiki ba. Waya doki ce, layi shi ne hanya. Kome ƙarfin doki, ba ya kai ka inda ba hanya.

KAMFANONIN LAYI

Irin wannan waya ta shigo Nijeriya a shekarar 2001. Kamfanoni biyu su ka fara a watan Agusta na shekarar, watau MTN da Econet. A lokacin sai mai hali ya ke sayen layi, kuma minti guda na kira naira 50 ne, ko da daƙiƙa biyar ka yi ka kashe. A 2003 Glo ya fito, ya kawo lissafin kira da daƙiƙa, sauran su ka bi.

Econet ya sake suna sau da dama, har ya zama Airtel a 2010. Etisalat ya zo a 2008, ya koma 9mobile a 2017, sa'an nan ya koma T2 a 2025. Waɗannan huɗu su ne manyan kamfanonin layi na ƙasar nan. Akwai hukumar Gwamnati da ke lura da su, sunanta Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, a taƙaice NCC.

Kada ka ce wane daga cikinsu ya fi kyau a ƙasa duka. Wannan ba tambayarka ba ce. Tambayarka ita ce, wanne ya fi kawowa a garinmu, da gonata, da kasuwar da na ke ci? Wanda ya fi a Funtuwa ya yiwu shi ne na baya a wani ƙauye na Haɗeja.

YADDA ZA KA GWADA SABIS

Matambayi ba ya ɓata. Fara da mai cajin waya da mai POS na garinku, gama su kullum a kan sabis su ke neman abincinsu. Tambayi mutum uku ko huɗu, kada ka tsaya kan ɗaya.

Sa'an nan ka gwada da kanka, don gani ya kori ji. Ari babbar waya mai layin da ka ke so. Dubi can sama a fuskarta. Za ka ga 'yan sanduna a jere, daga gajere zuwa dogo. Yawan sandunan da su ka cika, shi ne ƙarfin sabis. In an kunna data, kusa da su za ka ga harafi. Ga inda karatunka zai yi maka rana:

E: sabis mai tafiyar hawainiya. Ya isa kira da gajeren saƙo, amma hoto sai da haƙuri.
H ko 3G: ya fi na farko sauri.
4G ko LTE: mai sauri. Da shi a ke kallon majigi, a kuma yi kiran da a ke ganin fuska.
5G: shi ne sabo. An fara shi a Nijeriya a 2022, a manyan birane. Bai kai yawancin ƙauyuka ba.

Gwada a cikin ɗaki, ba a tsakar gida kaɗai ba. Gwada da safe, ka sake gwadawa bayan sallar isha'i, gama lokacin ne mutane su ke yi wa sabis yawa har ya yi nauyi. In hali ya yi, ka gwada a gona.

Yawancin wayoyin da a ke sayarwa a ƙasar nan su na cin layi biyu. Wannan ya na da amfani ƙwarai ga mutumin ƙauye. In ɗaya ya ɗauke, ɗaya ya na nan. Sai ka bar tsohon layinka don kira, ka sa na biyu don data.

KADA KA YAR DA LAMBARKA

Tsohuwar lambarka dukiya ce. 'Yan'uwa sun san ta, abokan ciniki sun san ta. In ka na da ajiya a banki, ta wannan lamba ce banki ya ke aiko maka da saƙo. In ka jefar da layin, ya yi watanni da yawa ba a aiki da shi, kamfani ya kan karɓe lambar ya ba wani. Daga nan saƙon bankinka ya riƙa zuwa hannun baƙo. Wannan hatsari ne babba. In lalle za ka bar lamba, fara zuwa banki a sake maka da sabuwar.

Akwai kuma wata hanya. Tun watan Afrilu na 2013 an ba kowa dama ya bar kamfani ya koma wani, da lambarsa a hannu. Ga yadda a ke yi. Ka je ofishin kamfanin da ka ke so ka koma, da wayarka da shaidarka. Za su cika takarda, su ce ka rubuta PORT ka aika zuwa 3232. Sa'an nan su ba ka sabon sim mai ɗauke da tsohuwar lambarka. Ba a biyan kuɗin ƙaura. Amma ka sani, kuɗin kira da datar da su ka rage a tsohon layi ba sa bin ka. Cinye su tukuna. Kuma in ka koma, sai ka ɗan zauna kafin a yarda ka sake wata ƙaura. Don haka ka tabbata kafin ka tashi.

RAJISTAR LAYI

Doka ce kowane layi a yi masa rajista da sunan mai shi. Tun watan Disamba na 2020 Gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, watau NIN, mai lambobi 11. Layin da ba a haɗa ba a kan rufe shi.

Je da kanka a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Kada ka sayi layin da a ka ce an riga an yi masa rajista. Sunan wani ne a kansa. In ya ɓace ba za a sabunta maka ba, gama ba naka ba ne. Haka kuma kada ka yi wa wanda ba ka sani ba rajista da sunanka. In ya aikata laifi da layin, ƙofarka za a ƙwanƙwasa.

YANZU SAI WAYA

Ka san layinka, ka san harafin da ke fitowa a garinku. To, yanzu ka tambayi kanka, me zan yi da wayar nan? In kira ne kaɗai da tocila da rediyo, ƙaramar wayarka ta isa, ta kuma fi riƙe caji. Riƙe kuɗinka ka sayi taki. In kuwa ka na so ka aika hoton akuyarka ga mai saye, ko ka ji karatun malamai, ko ka yi saƙon murya a WhatsApp, ko ka ga fuskar jikanka da ke nesa, to, babbar waya ta kama ka.

Manyan wayoyi iri biyu ne. Akwai iPhone, na kamfanin Apple na Amurka, wadda ta fara fitowa a 2007. Ta na da tsada, kayan gyaranta ma haka. Akwai kuma masu aiki da tsarin Android, na kamfanin Google. Su ne su ka fi yawa a hannun jama'a. Cikinsu akwai Samsung na Koriya ta Kudu, da Redmi na ƙasar Sin. Tecno da Infinix da itel kuwa uwarsu ɗaya, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin.

Kafin ka zaɓi suna, je wurin mai gyaran waya na kasuwarku. Ka ce, "Malam, wace iri ce in gilashinta ya fashe a ke samun wani a nan kusa?" Wayar da sai an aika Ikko kafin a sami gilashinta, ba ta mutumin ƙauye ba ce.

ABU HUƊU A JIKIN KWALI

Kowace sabuwar waya ta na zuwa cikin kwali, da rubutu a jikinsa. Wanda bai iya karatu ba, launi da ƙyalli ya ke saye. Kai da ka shiga aji, karanta abu huɗu.

Na ɗaya, batir. Nemi lamba mai haruffan mAh a gabanta. Ita ce girman tulun wutar. Wayoyi da yawa na yanzu su na da 5000 mAh. In garinku ba lantarki, kada ka yi ƙasa da haka. Wannan ya fi kyan hoto muhimmanci, gama wayar da ba caji ba ta da bambanci da dutse.

Na biyu, rumbu. Shi ne inda waya ta ke ajiye hotuna da karatu da saƙonni. A na auna shi da GB. Za ka ga 32, ko 64, ko 128. Mai 32 ya kan cika da wuri. In ka sami 64 ko fiye, ya fi. Tambaya kuma ko wayar ta na cin memori, don ka ƙara mata wuri in ta cika.

Na uku, RAM. In rumbu wurin ajiya ne, RAM shi ne faifan da a ke aiki a kansa. In faifai ya yi ƙanƙanta, aiki ba ya sauri. Wayar da RAM ɗinta 2 ne ta kan riƙa tsayawa. Mai 4 ta fi sakewa. Amma lura da wata dabara. Wani kwali za ka ga an rubuta 4+4, mai shago ya ce maka takwas ne. Na gaskiya shi ne huɗun farko. Huɗun baya aro ne daga rumbu, ba su kai na ainihi sauri ba.

Na huɗu, harafin sabis. Tabbata an rubuta 4G. In 5G bai zo garinku ba, kada ka ƙara kuɗi dominsa. Ba a sayen sirdi saboda dokin da ba a haifa ba.

Zancen idon hoto kuwa, kada yawansu ya ruɗe ka. Ɗauki hoto a cikin shagon, ka fita waje ka ɗauki wani, ka duba da idonka.

SABUWA, KO TA HANNU, KO TA BASHI

Sabuwar waya ta na zuwa da garanti, galibi na shekara guda. In ta lalace da kanta cikin wannan lokaci, a gyara maka kyauta. Amma garanti ba ya ɗaukar wadda ta faɗi ta fashe, ko ta faɗa ruwa.

Ta hannu ta fi araha, amma araha ba ta ado. Batirinta ya riga ya sha aiki. Wata kuma ta tsufa har manhajojin yanzu ba sa hawa kanta. A 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da tsarinsu bai kai Android 5 ba. Mafi muni, wata ta sata ce. In a ka bi sawu a ka same ta a hannunka, kai ne za ka yi bayani a gaban 'yan sanda. Kada ka sayi waya a tasha ko a bakin hanya wurin wanda ba ka san shagonsa ba, kome arahar da ya yi maka. Kwaɗayi mabuɗin wahala. In za ka sayi ta hannu, sai mai ita ya cire asusunsa na Google da makullinsa a gabanka. In ba haka ba, wata rana za ta kulle ta nemi kalmar sirrin da ba ka sani ba.

Akwai kuma masu ba da waya bashi, ka biya wani abu yau, saura a riƙa biya mako mako ko wata wata. Ka sani, in an tara duka, kuɗin ya fi na wanda ya biya lakadan. Kuma da yawansu su na iya kulle wayar daga nesa in ka yi jinkirin biya. Manomi kuɗinsa na kaka ne, bashi kuwa bai san bazara ba. Kafin ka sa hannu, a karanta maka takardar duka, ka rubuta jimlar abin da za ka biya.

RANAR CINIKI

Kada ka yi cinikin biri a sama. Zuwa da kai ya fi aike. In ka je babbar kasuwar waya, irin ta Farm Centre a Kano, zaga shago uku ko huɗu ka ji farashi kafin ka tsaya. Tafi da wanda ya san waya in ka na da shi. In kun daidaita, yi waɗannan tun ba ka bar shagon ba:

1. A buɗe kwalin a gabanka.
2. Danna *#06# a wayar. Wata lamba mai tsawo za ta fito, mai lambobi 15. Sunanta IMEI. Ita ce shaidar wayar, kamar lambar mota. Mai cin layi biyu za ta nuna biyu. Gwada ta da wadda ke jikin kwali. In sun saba, ajiye wayar ka yi gaba.
3. Sa layinka, ka kira wani. Ka ji shi, shi ma ya ji ka.
4. Sa ta a caji, ka ga ta na ɗauka.
5. Shafa kowane gefe na gilashin, ka ga ya na amsawa.
6. Karɓi rasit mai sunan shago, da kwanan wata, da sunan waya, da lambar IMEI, da kuɗin da ka biya.

In ka komo gida, kwafe lambar IMEI cikin littafinka. Ajiye rasit da kwali inda gara ba za ta ci ba. Ran da waya ta ɓace, su ne hujjarka.

CIYAR DA WAYA

Sayen doki ba shi ne wuya ba, ciyar da shi. Babbar waya ta na cin abu biyu, caji da data. Data ita ce kuɗin da a ke biya don waya ta shiga intanet. A na auna ta da MB da GB, kuma GB guda wajen MB dubu ne. Saƙon rubutu kaɗan ya ke ci. Saƙon murya ya fi shi. Hoto ya fi murya. Majigi kuwa shi ne kura, ya fi su duka ci.

Akwai datar kwana guda, da ta mako, da ta wata. Kowace ta na da ranar mutuwa. Farashi kuma ba ya zama wuri ɗaya. A watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Don haka ka duba farashin ranar da kanka.

Ga lissafi. Waɗannan kuɗi misali ne kawai, kai sai ka sa na garinku. A ce mutum ya na sayen datar naira 3,000 kowane wata. A shekara ya kashe 36,000. A ce ya na kai caji sau 15 a wata, kowane naira 100. A wata 1,500 ke nan, a shekara 18,000. In ka haɗa, ya kashe naira 54,000 a shekara, ban da katin kira. Ka ga ashe bai kamata mutum ya juye aljihunsa duka a kan kuɗin waya ba. Daidai ruwa, daidai tsaki. Rage wani abu don riga da gilashin kariya, da abincin wayar.

Tun 2023 an daidaita lambobin tambaya, sun zama iri ɗaya a kowane kamfani. Rubuta su ka haddace:

*310# don ganin kuɗin da ya rage.
*311* da lambar kati da # don sa kati.
*312# don sayen data.
*323# don ganin datar da ta rage.
300 don magana da ma'aikatan kamfani.

In a na damun ka da saƙonnin talla, rubuta STOP ka aika zuwa 2442. In ka kai kuka wurin kamfani ba a share maka hawaye ba, kira 622. Wannan lambar hukumar NCC ce, kyauta a ke kiranta. Kashe data in ba ka aiki da ita. In ka na sayen data a ka tambaye ka ko a riƙa sabunta maka da kanta, karanta da kyau kafin ka amsa.

ƘAURA DAGA TSOHUWAR WAYA

Wanda zai tashi daga tsohon gida ba ya barin kayansa a ciki. Kafin ka rabu da tsohuwar waya, kwashe lambobin mutane. Masu muhimmanci ka rubuta su a littafi, gama littafi ba ya neman caji. Cire sim da memori. In za ka sayar da ita ko ka ba wani, a share kome da ke ciki tukuna.

Sabuwar waya za ta nemi a buɗe mata asusun Google, da suna da kalmar sirri. In wani ne ya taimake ka, ka karɓi sunan da kalmar, ka rubuta da hannunka, ka ɓoye. Mutane da yawa sun rasa hotunansu da lambobinsu domin yaron da ya buɗe musu ya bar gari.

Sa wa waya makulli, sa wa sim ma lambar sirri. In ɓarawo ya sami layinka a buɗe, ya na iya kai hannu ga kuɗinka na banki. In waya ta ɓace, kada ka kwana. Sanar da banki da kamfanin layi a rufe. Kuma in wani ya kira ka ya ce shi ma'aikacin banki ne, ko na kamfani, ka karanto masa lambar da a ka aiko maka, kashe wayarka. Banki ba ya neman lambar sirrinka ta waya. Lambobi shida da WhatsApp ya ke aikowa ma naka ne kai kaɗai. Wanda ka ba shi, ka ba shi sunanka ya je ya roƙi 'yan'uwanka kuɗi da shi.

Kada ka bar waya cikin rana, kada ka sa ta caji ƙarƙashin matashi. Zafi ya na kashe batir. In ka ga batir ya kumbura, daina aiki da ita, kai ta wurin mai gyara.

ƘARSHEN LABARIN

Wan nan ya tafi birni da 'yar takarda a aljihu. Ya rubuta a ciki: layi biyu, 4G, 5000, 64, rasit. Ya sayo waya wadda ba ta kai ta ƙanensa ƙyalli ba, ya komo da sauran kuɗi. Ƙanen kuwa sai da ya sake biyan kuɗin mota, ya je ya yi rajistar layin da ke kawowa garinsu. Da ya komo ya ce, "Yaya, ashe bambancina da kai 'yar takardar nan ce." Wan ya ce, "Ai shi ya sa na ke ce maka ka riƙa zuwa aji."

In kunne ya ji, jiki ya tsira.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin waya da layi?
2. Don me ya kamata a zaɓi layi kafin waya?
3. Wane harafi ne ya ke fitowa a wayoyin garinku, E ko H ko 4G?
4. Faɗi abu huɗu da za ka karanta a jikin kwali.
5. Me za ka danna don ganin lambar IMEI? Lambobi nawa ne a cikinta?
6. In datar wata naira 2,500 ce, nawa za ka kashe a shekara?
7. Wani ya kira ka ya ce ka karanto masa lambar da a ka aiko maka. Me za ka yi?

AIKIN RUBUTU

Rubuta lambar wayarka, da lambobin mutum uku na gidanku, kowace da sunan mai ita. Kawo wa malami ya duba.